Dardumar Farisa Mai Hoto: Ta Kirman, Ta Kashan, Ta Tabriz Ko Ta Makiyaya?

Wanda ya taɓa shiga shagon masu dardumar Iran, a Tehran ne ko Dubai ko Istanbul, ya san yadda abin yake. Za a zaunar da kai, a kawo shayi, yaran shago su yi ta warware darduma ɗaya bayan ɗaya har kanka ya ɗaure. Can sai a fito da mai hoto: sarki zaune a karaga, ko mahayi yana bin barewa da mashi, ko zaki ya ɗaga wutsiya. A nan ne mutane da yawa ke sakin kuɗi ba su yi tambaya ba, domin hoton ya riga ya tafi da hankalinsu. Ni ma ina son waɗannan dardumai ƙwarai, shi ya sa nake so wanda zai saya ya san abin da yake saye.

Mu fara da shekaru, don a nan ake fi yin ƙarya. Dardumai masu hoton farauta na zamanin daular Safawiyya, wadda ta yi mulki daga 1501 zuwa 1736, suna gidajen tarihi, kamar wadda ke Poldi Pezzoli a birnin Milan na Italiya. Idan irin na wancan zamani suka fito kasuwa, kuɗinsu ba na adon falo ba ne: a 2013 an yi gwanjon wata dardumar Kirman ta ƙarni na 17 a gidan gwanjo na Sotheby's a kan dala miliyan 33.7. Tsofaffin masu hoto da za ka samu a hannun dillalai galibinsu na ƙarshen daular Ƙajar ne, wadda ta faɗi a 1925. A zamanin Nasiruddin Shah, wanda ya yi sarauta daga 1848 zuwa 1896, kyamara da littattafan ɗab'i masu zane suka bazu a Iran, sai masaƙa suka soma kwaikwayon hotunan sarakuna da na jaruman littafin Shahnama na Firdausi, irin su Rustam, da kuma na labarin Laila da Majnun. A wannan kasuwa ba a kiran darduma tsohuwa ta gaske sai ta cika shekara 100. Don haka duk wanda ya ce maka tasa ta shekara 300 kuma zai bar maka ita da araha, ka sha shayinsa ka yi masa sallama.

Akwai kuma tambayar da Musulmi zai yi wa kansa tun kafin a zo maganar farashi, wato hukuncin hoton mai rai. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta rataya labule mai hotuna, Manzon Allah (SAW) ya ƙi shi, sai ta mayar da shi matasan kai. Daga nan malamai da yawa suka bambanta abin da ake rataye shi da abin da ake takawa ko a jingina da shi. Wahalar ita ce dardumai masu hoto na birane don bango aka saƙa yawancinsu. Ka je wurin malaminka da wannan tambayar kafin ka je wurin dillali. Idan ranka bai kwanta ba, ƙofa ba ta rufe ba, akwai masu hoton bishiya, da masu tsarin lambu da aka raba gida huɗu da magudanan ruwa, da masu hoton masallatai da gine-gine. Sai dai ka duba rassan bishiyar da kyau, masaƙan Iran ba sa rabuwa da tsuntsaye.

Kirman tana kudu maso gabashin Iran, kuma a ganina ita ce ta fi kowa iya ba da labari da zare. Mafi kyawunta sun fito ne daga garin Rawar da ke arewa da birnin, wanda 'yan kasuwa suka juya sunansa suka ce Lawar. Ana gane su da laushin ulu, da farin fili mai kama da madara, da wani ja mai ɗan duhu da ake samu daga wani ƙaramin ƙwaro. Zaren tsaye da abawarta auduga ne, gashinta kuma gajere aka aske shi don zane ya fito sarai, har ana ganin ƙwayar idon mutum da lanƙwasar gashin baki. Wannan gajartar ita ce rauninta. Tsohuwar Rawar da aka daɗe ana takawa takan suɗe har audugar ƙasa ta bayyana, wasu dillalai kuma sai su shafe wurin da fenti. A Kirman ne aka saƙa waɗanda ake kira Mashahir, masu jera hotunan manyan mutanen duniya, kowa da lambarsa, sunayen kuma a rubuce a gefe. Ina jan kunnen mai saye a nan: wasunsu sun haɗa da hotunan da aka ce na Annabawa ne, kamar Annabi Musa da Annabi Sulaimanu. Ka sa wanda ya iya Farisanci ya karanta maka rubutun gefen kafin ka shigar da ita gidanka.

Kashan ta fi Kirman nauyin launi, ja da shuɗi masu zurfi, kuma sau da yawa takan zo a girman da suke kira dozar, kimanin mita 2 a tsawo da mita 1.3 a faɗi, daidai bangon falo. Ulun da ake ji da shi a can shi ne kurk, mai laushi da ɗan sheƙi. Sunan da za ka yi ta ji shi ne Muhtasham, na masaƙar da ta yi fice a ƙarshen ƙarni na 19. Sunan ya zama abin talla, kusan kowace tsohuwar Kashan mai kyau sai a laƙaba mata shi don a ninka kuɗi. Ka biya kuɗin dardumar da ke gabanka, ka bar sunan. In ta alharini ce tsohuwa, ka ɗan lanƙwasa ta a hankali kusa da kunnenka. In ka ji tana ƙara kamar busasshen ganye, zaren ya mutu, kuma ba mai gyaran da zai dawo da shi.

Tabriz ta arewa maso yamma ita ce mai lissafi. Suna auna ƙanƙantar saƙa da raj, wato yawan ƙulli a cikin santimita 7. Mai raj 40 ta yau da kullum ce, mai 50 ta yi kyau, mai 60 zuwa 70 kuwa aikin gwani ne. Ka riƙe ƙaramar rula a aljihu ka ƙirga da kanka a bayan dardumar. Tabriz ta shahara da hoton farauta da na lokutan shekara huɗu, manomi yana shuka a wannan kusurwa, yana girbi a waccan. Kusa da birnin akwai garin Sardrud inda ake saƙa ƙananan dardumai da ake sa wa firam, waɗanda suke kira tablo farsh. Wasu ayoyin Alƙur'ani ne, wasu hoton Ka'aba ko Masallacin Madina, kuma sun dace da gidan da ba a son hoton mai rai. Aikin hannu ne na gaske, amma sabo ne, kada a karɓi kuɗin tsohon kaya a hannunka. Haka ma na alharinin Ƙum. Saƙar darduma ba ta kafu a wannan birni ba sai wajen shekarun 1930, saboda haka babu dardumar Ƙum ta zamanin Ƙajar.

Wadda zuciyata ta fi karkata gare ta ita ce ta makiyaya da ƙauyawa, musamman ta Ƙashƙa'i na lardin Fars, wajen Shiraz. Mutane ne masu tashi da dabbobinsu tsakanin tsaunukan Zagros da kwari, kamar yadda makiyayanmu ke bin damina da rani. Matansu ne ke saƙa, a kan masaƙar da ake shimfiɗawa a ƙasa, ba takardar zane a gabansu, daga ka suke yi. Ulu ne sama da ƙasa. Zakinsu wani lokaci ya fi kama da kyanwa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, gefen dardumar ma ya ɗan karkace saboda an naɗe masaƙar an yi ƙaura aikin bai ƙare ba. Za ka kuma ga launin fili ya sauya a tsakiya, ja ya ɗan yi haske sannan ya koma. Suna kiran wannan abrash, kuma yana faruwa ne idan ulun da aka rina ya ƙare aka rina wani. Ba aibi ba ne, hannun mutum ne ya nuna kansa. Ga mai yara a gida, mai son abin da za a zauna a kai a sha shayi, wannan ta fi ta birni juriya, kuma yawanci kuɗinta bai kai nasu ba. UNESCO ta sa saƙar Fars da ta Kashan cikin jerin al'adun da take karewa a 2010.

Kowace ka zaɓa, ka juya bayanta. A ta hannu, hoton yana fitowa a baya kamar yadda yake a gaba, ƙulle-ƙullen ba su zama daidai wa daida kamar na inji ba, gezar kuma ci gaban zaren tsaye ce, ba ɗinka ta aka yi ba. Sannan rini. An gano rinin kemikal a Ingila a 1856, bai daɗe ba ya isa Iran, kuma irin na farko yana koɗewa yana zuba. Ka buɗa gashin da yatsa: in saman ya koɗe ya yi toka-toka alhali gindin yana da kaifin launi, rinin bai da kyau. Ka goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan jan, ka gani ko zai kama. Shuɗin tsofaffin dardumai kuwa na baba ne, irin wanda marinan Ƙofar Mata ke aiki da shi a Kano, wanda ya saba da shi zai gane zurfinsa.

Maganar alharini ta taɓa cin kuɗina. Wani mai shago ya rantse mini cewa wata ƙarama mai hoton barewa alharini ce zalla, ashe auduga ce da aka sarrafa ta yi sheƙi, shekara biyu ta dushe. Tun daga ranar nake neman a ciro mini zare ɗaya daga geza da ɗaya daga gashin a ƙona. Alharini yana warin ƙonannen gashi ya dunƙule, auduga tana warin takarda ta zama toka. Mai kayan gaskiya ba ya ƙin wannan gwaji.

In ka kawo ta gida, kada ka buga mata ƙusa. A ɗinka mata aljihun yadi a baya daga sama, a zura sanda, nauyin ya rarrabu. Ka nisanta ta da bangon da rana ke duka da wanda ke tsotsar ruwa da damina. Ƙurar hunturu tana shiga gindin gashi ta riƙa cin zaren, don haka a riƙa kakkaɓe ta a hankali daga baya. Asu kuma ya fi son wadda aka rataya aka manta da ita, sai a riƙa ɗaga ta ana duba bayanta duk bayan 'yan watanni. In za a ajiye, a naɗe ta kamar tabarma cikin farin yadin auduga, ba cikin leda ba. Masu zama a Amurka su sani cewa tun 2018 aka sake hana shigo da dardumar Iran ƙasar, sai dai su nemi wadda ta riga ta shiga.

Da ni ne da kuɗin darduma ɗaya tak, ga bango a falon da rana ba ta shiga, Rawar mai hoton bishiya zan ɗauka, ko da an ɗan yi mata gyara a gefe, muddin an nuna mini wurin gyaran an kuma rubuta shi a rasit tare da garin da aka saƙa ta da kimanin shekarunta. In kuwa ta shimfiɗawa ce a ƙasa, Ƙashƙa'i zan nema.