Zamiya a wajen layi: me za ka saya, me za ka ɗauka haya?

Wanda ya yi sati biyu ko uku yana wasan zamiya a dusar ƙanƙara, a kan layin da injina suka daddaɓe a tsaunukan Alps na Turai, idonsa ba ya barin ɓangaren nan da ba a taɓa ba, inda dusar ƙanƙara take lumus kamar gari. Sai ya shiga kanti, mai kanti ya nuna masa allunan zamiya masu faɗi, ya ciro kati. A ganina nan ne kuɗi suke fara tafiya a banza.

Allunan layi faɗin tsakiyarsu kan kai milimita 70 zuwa 80, na dusa mai zurfi kuma ya wuce 105. Ɗan koyo ba ya buƙatar na biyun. Masu matsakaicin faɗi, 90 zuwa 100, suna yin aikin duka biyun, kuma a garuruwan Faransa irin su Chamonix da Val d'Isère ana ba da hayarsu kwana-kwana. Ka gwada iri biyu ko uku tukuna.

A wajen layi dusa na iya zaftarowa daga tsauni ta binne mutum, don haka abin da ba a wasa da shi guda uku ne: na'urar nemo wanda ƙanƙara ta binne, sandar laluba, da shebur. Duk na'urorin nemowar suna aiki a kan zangon rediyo iri ɗaya, kilohaz 457, don haka Barryvox ta kamfanin Mammut za ta ji siginar Tracker ta kamfanin BCA ko ta kamfanin Ortovox. Bambancin yana wajen sauƙin sarrafawa. Ka nemi mai eriya uku, ka guji tsoffin da ake sayarwa da arha a intanet. Wannan ita ce zan ce ka saya, domin sai hannunka ya saba da ita. Idan dusa ta zaftaro, mintuna goma zuwa goma sha biyar na farko su ne rai, kuma abokan tafiyarka ne za su tono ka, ba jirgi mai saukar ungulu ba. Ɗan ƙarfen Recco da ake ɗinkawa a jikin riga ba ya maye gurbinta. Masu ceto ne kawai ke da abin gano shi. Shebur kuwa na alminiyam, don na roba kan karye a dusar da ta daskare kamar siminti. Sanda, santimita 240 ko fiye.

Jakar baya mai kumbura da iska tana taimakawa mutum ya tsaya sama-sama idan dusa ta zaftaro, amma tana da tsada da nauyi. Ana samun ta haya, ka bar ta a haka.

Sai malami. Makarantar koyon zamiya ta Faransa, ESF, tana da darussan wajen layi a kusa da layukan da aka share, kuma nan ya kamata ɗan koyo ya fara. Ɗan jagora mai shaidar IFMGA, ƙungiyar jagororin hawa tsauni ta duniya, kuwa shi ake nema idan za a hau ƙanƙarar dindindin, irin kwarin Vallée Blanche na kusa da Chamonix, da ke farawa daga tsaunin Aiguille du Midi mai tsayin mita 3,842, ta gangara kusan kilomita 20 tsakanin ramuka. Wannan ba aikin bana ba ne.

Ka duba inshorarka ma: da yawa ba sa biyan kuɗin ceto a wajen layi. Kowace safiya kuma ka karanta sanarwar haɗarin zaftarewa ta Météo-France, hukumar yanayi ta Faransa, mai matakai 1 zuwa 5. Mataki na 3 ne ya fi cin mutane, domin suna ganinsa tsaka-tsaki sai su fita.