Shagon ƙananan motoci a Jidda, da Land Cruiser irin ta Baba da na samu a ciki

Sana'ata samkara da fenti, abin da mutanen gida ke kira fanel-bita. Shekara goma sha tara ke nan ina warsha a Sana'iyyar Jidda, unguwar masu gyaran motoci, kuma aikin ya koya wa idona abu ɗaya: idan aka rufe ƙofar mota, sai in bi layin da ke tsakaninta da jiki daga sama har ƙasa, in ga ko ya tafi daidai ko ya buɗe baki a wani wuri. Da wannan idon na shiga shagon da zan ba ku labarinsa, inda ake sayar da ƙananan motocin ado, kwafin na gaske, da shi kuma nake auna duk abin da na saya a can cikin shekara uku.

Shagon yana hawa na biyu a wata tsohuwar kasuwa a arewacin gari, tsakanin mai turare da mai gyaran agogo. Ban rubuta sunansa ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, mai shagon kuma dattijo ne da nake jin nauyinsa. Kowa Ammu yake ce masa. Idan ka shiga, hagunka akwatunan gilashi ne har rufi, cike da motocin zubin ƙarfe. Damarka kwalaye ne na motoci da jirage da tankokin yaƙi na roba waɗanda mutum ke harhaɗawa da kansa, da ƙananan kwalaben fenti, da gam, da samfefa mai laushi. A can ƙurya akwai dogon tebur inda masu haɗin ke zama daren Juma'a bayan Isha'i. Wannan rabuwa ta hagu da dama ba ta kaya kaɗai ba ce, har da mutane, kuma zan dawo kanta.

Abin da ya fara kai ni shi ne wani hoto da wani yaro a warsha ya nuna mini a wayarsa: Land Cruiser 60, ruwan ƙasa mai haske, a kan tafin hannu biyu. Irin motar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Toyota ta fara yin wannan samfurin a 1980, ta ci gaba da shi har zuwa ƙarshen shekarun tamanin, kafin samfurin 80 ya gaje shi. Ta Baba mai fetur ce, injin 2F mai silinda shida, kuma da ita ya ciyar da mu, yana ɗaukar iyalai daga Makka zuwa Madina, tafiyar fiye da kilomita 400. Kakanmu ta Sudan ya biyo, ya ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin, bai taɓa mallakar ko keke ba. Saboda haka motar nan ba ƙaramin abu ba ce a gidanmu na unguwar Shari'a Mansur da ke Makka. An sayar da ita a shekarar da ciwo ya kwantar da Baba, ko hoto ɗaya mai kyau ba mu da shi.

Ammu bai miƙo mini motar kai tsaye ba. Sai da ya sa farar safar hannu, ya shimfiɗa ƙyalle a kan gilashi, ya kwance sukurorin da ke riƙe da ita a ƙasan kwali, sannan ya turo mini ita tare da wani ɗan tsinken roba na buɗe ƙofofi, don kada farce ya karce fentin. Wannan ya burge ni tun ranar farko, kuma har yau bai canza ba, ko motar riyal hamsin ce ko ta dubu biyu.

Ma'auninta 1:18, wato an rage ainihin motar sau goma sha takwas, tsawonta ya tashi kusan santimita 26. Abu na farko da za ka ji shi ne nauyi da sanyin ƙarfe. Ana narka wani haɗi ne da ake kira zamak, yawancinsa tutiya, da ɗan alminiyam, da ƙalilan na jan ƙarfe da magniziyam, a tura shi da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, ya fito da siffar jikin motar. Sauran kayan, kujeru da gilasai da fitilu, roba ne, ana liƙa su da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Na buɗe ƙofar direba na rufe ta wajen sau biyar. Layin ya tafi daidai. Na juya ta ga hasken fitila in duba fentin ta gefe, yadda muke duba aikin da yaro ya fesa. A ƙananan motoci masu arha, fenti kan yi kauri ya cike layukan jiki, ko ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Wannan kam sumul yake, siriri, har rubutun da ke jikin ƙofar baya ana karanta shi. Na kifa ta a kan ƙyallen. A ƙasa ga sifirin na faranti gaba da baya, kamar yadda 60 take, domin sai a samfurin 80 aka koma mai murɗi. Ga tayar ajiya a maƙale a ƙarƙashi. Da na murɗa tayoyin gaba, sitiyari ya juya a ciki. A nan ne na daina magana na ɗan lokaci, domin na tuna hannun Baba a kan wannan sitiyarin da carbinsa rataye a madubi.

Ba ta rasa aibi ba. Injin an sauƙaƙa shi, wayoyin filogi babu su, batir kuma zubi ɗaya ne da abin da yake zaune a kai. Hinjin bonet ya yi girma fiye da ƙima, wanda ake yawan gani a motocin da ke buɗewa, don siriri ba ya cika ɗaukar nauyin ƙarfe. Sitiyarin yana dama ne, irin na Japan, alhali namu na nan a hagu yake. Na biya riyal 850, har da harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari. Na san da na yi odarta ta intanet da na rage wani abu. Amma a intanet ba ka rufe ƙofa sau biyar kafin ka biya, kuma wanda ya san yadda ’yan kai saƙo ke jefa kwali zai gane abin da nake nufi.

Kayan shagon suna da faɗi. A ƙasa, inda hannun yara ke kaiwa, akwai Hot Wheels da Matchbox da Tomica, ƙananan da ba su fi tsawon yatsa ba. A tsakiya akwai Bburago da Maisto da Solido, masu sauƙin kuɗi, waɗanda nake ba mai farawa shawarar ya soma da su. Daga sama sai Norev ta Faransa, da Minichamps ta Jamus, da Kyosho ta Japan, da AUTOart. A akwati na musamman mai makulli akwai CMC guda uku, tsofaffin motocin tsere masu sassa fiye da dubu, waɗanda ake saƙa wayoyin ƙafafunsu da hannu. Waɗannan kallo nake yi in wuce. Tun da aka fara tseren Dakar a ƙasar nan a 2020, da Formula 1 a bakin tekun Jidda a Disambar 2021, Ammu ya ƙara yawan motocin tsere, matasa kuma su suke nema. Ni ba na sayen masu mutum-mutumin direba a ciki. Mota ba ta da rai, hankalina kwance yake da ita a falo.

Abu ɗaya da nake yaba wa dattijon shi ne yana faɗa maka gaskiyar abin da ke hannunka. Yanzu motoci da yawa masu tsada ba na ƙarfe ba ne. Wasu na rezin ne, wani danƙo mai daskarewa, layukansu sun fi kaifi amma yawanci a rufe suke ruf, ba ƙofar da ke buɗewa. Wasu kuma jikinsu roba ce mai tauri. Ba laifi ba ne, amma mai saye ya cancanci ya sani, kuma Ammu yakan faɗa kafin a tambaye shi. Shi ne ya fara gargaɗina a kan ciwon tutiya: idan dalma ko wani datti ya shiga haɗin tun a masana'anta, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya tsattsage, ya marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli, kuma ba shi da magani. Laima tana hanzarta shi, Jidda kuwa garin laima ce. Ya ce in nisanta akwatina daga taga, in riƙa sa ƙananan jakunkunan nan masu shan danshi, kada kuma in bar tayoyin roba su zauna kai tsaye a kan katako mai fenti, don suna iya mannewa.

Ƙorafina a kan oda ne. Na ba da kafin alƙalami na riyal 200 a kan wata Cressida, motar da duk wanda ya girma a nan ya hau. Aka ce mini wata biyu. Ta yi wata shida, kuma ba wanda ya kira ni ko sau ɗaya, ni ne nake zirga-zirga. Da ta iso, madubin gefe ɗaya a karye yake cikin kwali. Yaron shagon ya ce in liƙa da gam, ai ni mai sana'a ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ba gyara na zo saye ba. Da maganar ta kai ga Ammu ya karɓi motar, ya mayar mini da kuɗina har da ba da haƙuri. Na yaba da haka, amma littafin odarsu a hargitse yake, kuma ranar da dattijon ba ya nan shagon yakan zama wani shago daban. Shawarata ita ce ka sayi abin da idonka ya gani a gilashi. Wurin ajiye mota ma wahala ne bayan Magariba.

Yanzu maganar teburin ƙurya. A cikin masu zama akwai wani injiniya Bakano, ya girme ni da kamar shekara goma, yana aiki da wani kamfanin gine-gine. Shi mai haɗi ne, ba ya sayen gamammiya. Kwalayen Tamiya yake ɗauka, kamfanin nan na Shizuoka a Japan, motoci a ma'aunin 1:24, tankoki a 1:35. Yakan yi wata uku a kan mota ɗaya, yana yanka sassa, yana goge bakin haɗi, yana fesawa da ’yar bindigar fenti. Ranar da ya ga Land Cruiser ɗina ya juya ta a hannu, ya kira ni da laƙabin da ake yi wa gwanin sana'a a nan, ya ce, "Usta, ta yi kyau. Amma ku masu ƙarfe aljihunku ne ya yi aiki, ba hannunku ba."

Na ce, "Injiniya, ai wani hannun ne ya yi ta, ko da ba nawa ba."

Ya ce, "To shi wancan ɗin shi ne ɗan'uwanmu."

Maganar ta tsaya mini, kuma akwai gaskiya a cikinta. Mai haɗi ya san abin da mai tarawa bai sani ba. Ya san yadda gam ke cin gilashi, ya san haƙurin jiran fenti ya bushe. Muna yara mun yi motocin waya da gwangwani a lungunan Makka, kamar yadda ake yin motar kara a gida Najeriya, kuma daɗin abin da ka ƙera da kanka daban ne. Amma ban yarda cewa mu ’yan kallo ne ba. Mai tarawa na gaske yana karatu. Yana sanin cewa 60 ta fara da fitilu masu zagaye, daga baya aka koma huɗu masu kusurwa, kuma idan kamfani ya haɗa gaban wata shekara da kujerun wata, shi ne zai fara gani. Sannan akwai motocin da ba za ka same su a kwalin haɗi cikin sauƙi ba, musamman irin waɗanda suka yi aiki a titunanmu, na ’yan haya da na ’yan kasuwa. Ba don masu zubin ƙarfe ba, da ba mu da su. Kuma ƙofar da ke buɗewa ta rufu sau ɗari ba tare da ta saki ba, aiki ne da roba ba ta cika jurewa ba.

Abin da ya sasanta mu bai zo ta baki ba. Injiniya yana fama da fentin wata farar mota, yana ta yi masa ɓawon lemo. Na nuna masa yadda muke yi a warsha: a sirka fentin ya ƙara ruwa, a matso da bindiga kaɗan, a yi shafi uku sirara maimakon ɗaya mai kauri, a bari ya kwana biyu kafin a bi shi da samfefa mai ruwa. Shi kuma ya zauna da ni dare biyu muka sa wa injin motata wayoyin filogi guda shida da siririyar waya, ya yi mini lambar mota irin ta da, ya ɗan dusashe ƙasan da launin ƙura kamar wadda ta dawo daga hanyar Madina. Sitiyarin mun bar shi a dama, don canza shi sai an fasa dashbod. Tun daga nan nake da kujera a teburin, Ammu kuma yakan aiko mana da shayi ba tare da ya sa a lissafi ba. Wannan teburin shi ne abin da ya fi komai daraja a shagon, kuma shi ya sa nake komawa duk da abin da ya faru da odata.

Da ƙaramar Sallar bana na naɗe motar a tawul na kai wa Hajiyarmu a Makka. Idonta ya yi rauni, sai ta bi jikin da yatsa. Ta laluba baya, ta ɗaga ƙofar, rabi ya tashi sama rabi ya sauka ƙasa. Ta ce, "A'a, ɗan nan, ta Malam ba haka take buɗewa ba. Tasa ƙyaure biyu ne, ɗaya nan ɗaya nan. A nan nake ajiye kular abinci." Gaskiyarta ne, 60 ta zo da iri biyun, ni ne na manta. Ta riƙe motar a cinyarta har aka kira La'asar, sannan ta ce in bar mata ita zuwa Babbar Salla. Tana can a kan durowarta kusa da Alƙur'anin Baba, kuma na riga na gaya wa Ammu cewa idan mai ƙyaure biyu ta shigo shagon, ya ajiye mini ita in zo in gani da idona.