Kwandon gida ko saitin roba na kasuwa?

'Yar uwa, tsakanin saitin wasan roba da kika gani a Sabon Gari da kwandon kayan wasa da za ki haɗa wa 'yarki mai wata 7 a gida, ki haɗa kwandon, kuɗin ki ƙara a cefane.

Nawa ƙaramin lefe ne mai faɗin gindi da na samo a kasuwar birni, irin wanda ba ya kifewa idan yaro ya dafa bakinsa. Kayan ciki kuwa daga madafi da ɗaki na tsinto su: ludayin duma, mara, koshiya, murfin ƙaramar tukunya, cokalin ƙarfe, sabon soso, ƙyallen karan-miski da na shadda, da lemo guda. Autana na fara zama na riƙa ajiye masa a gefe kan tabarma. Sai ya kai cokali baki, sanyin ƙarfen ya sa ya yamutsa fuska, ya yar, ya jawo ludayi ya ƙwanƙwasa a murfi, sannan ya tsaya yana waige-waigen wanda ya buga. Har in gama tsince shinkafa bai neme ni ba. Hajiya kakarsa ta yi ta tsiya wai na haɗa mata miji da kayan tuwo, amma ita ce daga baya ta kawo masa ɗan caki aka ƙara.

Yaro a wannan watannin da baki da hannu yake sanin abu. Roba ko launinta goma ne, taɓinta ɗaya, nauyinta ɗaya, warinta ɗaya. A kwando kuwa duma ba nauyi, ƙarfe da sanyi, soso da kaushi, lemo da ƙamshi. Wata malama 'yar Ingila, Elinor Goldschmied, wadda ta yi aiki a gidajen marayu a Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ita ta yayata wannan dabarar domin yaran da suka iya zama amma ba su fara rarrafe ba, kuma sharaɗinta shi ne kada a sa roba ko abin wasan saye a ciki. Ke nan abin da ake tallata mana da tsada yanzu, yana rataye a madafinki.

Saitin robar na taɓa saye. Yana da sauƙin wankewa, wannan kam ban hana shi ba. Kiɗan ya mutu, fenti ya fara ɓarewa, ya ƙare a ƙarƙashin gado.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Wasu gwanjo suke wankewa su ɗaure a sabuwar leda su ce daga Dubai ya zo. Tambarin da ke jikin kwali kada ya ruɗe ki, kowa na iya bugawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai kiɗa da wuta, wanda ke da ɗan batir kamar kwabo, murfinsa kuma ba a ɗaure da noti ba. Idan yaro ya haɗiye batirin, cikin awa 2 yana iya ƙona masa maƙoshi, don haka ba a jira, sai asibiti kai tsaye, Shika ko wanda ya fi kusa. Masu tallan haɗaɗɗen kwando a intanet ma, su saka hoto ɗaya su aiko wani abin daban. Kada ki tura kuɗi ba ki ga kaya ba.

Kwandon shi ma yana son ido. Duk abin da zai wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu, cire shi, domin ma'aunin da Amurka ke gwada kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3 da shi faɗinsa ya ɗan haura santimita 3 ne kawai. Gyaɗa, aya, duwatsun jigida, maɓalli, tsabar kuɗi, leda da dogon zare duk ba nasu ba ne. Tandun kwalli ma kada ya shiga, kwallin gargajiya sau da yawa akwai dalma a ciki. Ƙwaryar jere mai fenti ki bar ta a bango, ta tsagu kuma ki yar, bakinta na yanka. Da damina duma kan yi fumfuna, sai ki wanke ki shanya a rana ya bushe ƙarau. Kuma ki zauna kusa da 'yarki, kada ki bar wa yayyenta tsaro, su ne masu jefa mata ƙwallon dabino a ciki don ƙauna.

Idan ta fara tafiya za ki ga ta koma son zubawa da juyewa, sai ki ƙara mata kwanonin sha masu shiga cikin juna. Wake da gero na wasan awo kuwa sai ta haura shekara 3, don a hanci da kunne suke ƙarewa.