Tsofaffin sifikoki masu ƙaho ko sabon saiti mai sifika biyar?

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin tsofaffin sifikokin Klipsch Heresy guda biyun da aka yi maka tayi da sabon saitin falon nan mai ƙananan sifikoki biyar da akwatin bes, ni Heresy zan ce ka ɗauka, muddin sun tsallake gwajin da zan faɗa maka. Irinsu ne a falona, kuma ba ni da niyyar rabuwa da su.

Na san abin da ke sa mutane ja da baya. Da an ce sifika mai ƙaho, hankali ya tafi kan lasifikar masallaci ko ta mai tallar magani a kasuwa, irin su TOA da Ahuja. Waɗancan an ƙera su ne don murya ta kai nesa a sarari, ba su da bes, ba su da taushi, kuma ba wanda ya ce a shigo da su ɗaki. Heresy daban ce. Paul Klipsch ya fara ƙera sifikoki a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka a 1946, ya fito da Heresy a 1957 don ta zauna a tsakiyar manyan sifikokinsa guda biyu masu suna Klipschorn, daga baya mutane suka gane cewa ita kaɗai ma ta isa ɗaki. A ciki akwai wufa mai inci 12 da ke ɗaukar ƙasan sauti, sai ƙaho ɗaya na murya, sai ƙarami na sama. Har yau kamfanin yana yin ta.

Amfanin ƙahon shi ne baya ɓarnar wuta. Sifika ta yau da kullum takarda ce ke tura iska kai tsaye, kuma mafi yawan wutar da ka ba ta zafi take zama, abin da ke fitowa a matsayin sauti kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari ko ƙasa da haka. A cikin ƙaho kuwa, ɗan ƙaramin faifai ne ke matse iska a ƙuntataccen maƙogwaro, ƙahon ya riƙa buɗewa a hankali har sautin ya fito, sai motsi kaɗan ya ba da ƙara mai yawa. Tsohuwar Heresy tana ba da wajen disibel 96 (disibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Ƙananan sifikokin akwati da yawa suna wajen 86. Bambancin disibel 10 yana nufin ninki goma na wuta: abin da waccan za ta yi da wat 50, wannan da wat 5 za ta yi shi. Ga mu da muke lallaɓa batir da inbata in an ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni da ɗan ƙaramin amfilifaya mai cif ɗin TPA3116 nake tuƙa nawa, wanda ke aiki da bolt 12 zuwa 24, kuma batirin sola yana kai mu dare ba tare da ya ji jiki ba.

Akwai kuma maganar ɗaki. Falukanmu siminti ne da tayil, sauti yana dukan bango ya dawo ya cakuɗe. Ƙaho yana harba sautin zuwa inda ka fuskantar da shi, bai cika watsa shi ga bango da rufi ba, saboda haka magana take fitowa tsaf. Baffana, wanda jinsa ya ragu da shekaru, yakan zo mana a watan azumi. Kullum sai an ƙure masa rediyo kafin ya bi tafsiri, yara su gudu tsakar gida. Ranar da na zaunar da shi gaban waɗannan, ban kai ƙarar ko rabi ba, ya yi shiru yana gyaɗa kai, da alaramma ya ja aya sai na ji shi yana bi a hankali. Da aka gama ya tambaye ni ko sabon ɗauka ne, don ya ji numfashin mai karatu. Tsohon ɗauka ne da ya sha ji. Haka in ka sa kiɗan kalangu ko goge, za ka ji bugun fatar da jan tsirkiyar kamar makaɗin na zaune a gabanka.

Saitin mai sifika biyar kuwa, na taɓa riƙe irinsa. Yana da rimot da Bluetooth, kuma yana girgiza taga in ana kallon fim. Iyakar abin da zan faɗa a kansa ke nan.

Sai dai kada ka ɗauka za ka sauke su daga mota ka jona ka ji abin da nake faɗa. Kayan da ya shekara arba'in yana son hannu, kuma nan ne yawancin mutane ke yanke wa ƙaho hukuncin cewa yana tsaga kunne, alhali gyara yake nema. Fara da kapasitocin da ke kan allon raba sauti, wanda masu gyara ke kira kurosoba. Tsufa yana canza su, sai saman sautin ya dushe ko murya ta yi kaushi. Karanta lambar da ke jikin kowacce, ka sayo sabuwa mai daidai wannan lambar, irin ta fim ba ta ruwa ba, mai gyaran rediyo ya liƙa maka da dalma. Kada ya ce zai ƙara lamba don sauti ya ƙaru. Lambar ce ke yanke inda ƙahon zai fara aiki, in aka saukar masa da bes faifansa zai ƙone.

Na biyu, in Heresy ta farko ce, wadda ake kwance bayanta da sukurori, mai yiwuwa ƙahon muryar na ƙarfe ne. Ƙwanƙwasa shi da yatsa, za ka ji yana amo kamar kwanon sha. Wannan amon yana hawa kan muryar mai magana. Maganinsa a wajen masu kayan gini yake: kwaltar nan mai manne da ake toshe yoyon kwano da ita. Ka yanka ka liƙa a bayan ƙahon, ta waje, ba cikin bakin ba, har sai ƙwanƙwasawar ta mutu. Wannan aikin na yamma ɗaya shi ya fi ba ni mamaki a duk abin da na yi musu. Na uku, akwatin rufaffe ne, dole iska ta kasa fita. Sa siririn soso mai manne a gefen murfin baya, ka canza zoben robar da ke tsakanin ƙaho da injinsa, wato maganaɗisun da faifan ke ciki, in ya bushe, ka ɗaure sukurori. Bes ɗin zai ɗan cika. Daga nan ka ajiye su a ƙasa kusa da bango, ka ɗan kishingiɗa su baya don ƙahon ya kalli kunnenka, ka juyo su kaɗan zuwa kujera. Heresy ta biyu, wadda ta fito a 1985, ta gaba ake kwance ta, kuma wasu suna canza mata faifan ƙaramin ƙaho zuwa na titaniyom. Wannan bar shi sai ka saurare ta tukuna.

Abu biyu ba za su gyaru da kwalta ba. Bes ɗinta yana janyewa daga wajen Hz 50 zuwa 60, wato ba ta kai sauti mafi kauri ba, don haka in rugugin fim kake so sai ka ƙara akwatin bes daban nan gaba. Kuma duk ƙazantar amfilifaya za ta tona ta. In yana da tsaki ko gurnani, za ka ji shi daga kujera. Gwada amfilifayar a kansu kafin ka biya.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Akwatin na iya zama na asali, cikinsa kuwa an kwashe. Ka ce a buɗe a gabanka, wanda ya ƙi buɗewa ka bar masa kayansa. Abin da aka fi yi shi ne a cire ƙaramin ƙahon a sa na roba mai arha da ake kira fiyezo: ba shi da maganaɗisu, ba nauyi, kuma in ka ɗora masa mitar awon wuta ta masu gyara ba zai nuna komai ba. Wufa mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta) ya kamata ta nuna wajen 5 zuwa 7 a mita. Tura takardarta a hankali da yatsu, in ka ji tana gurza, ko kwayil ya ƙone ko an sake naɗa shi da hannu. Sa kunne a bakin kowane ƙaho ana kunna abu a hankali, don wasu suna ƙure ƙara a shago yadda ba za ka gane ɗaya ya mutu ba. Ka duba na hagu da na dama su zama iri ɗaya a ciki. Su kuma sababbin saiti, kada wat dubu biyar da aka buga a kwali da PMPO a gefe ya ruɗe ka, ba ma'aunin gaskiya ba ne. Ka nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ma'aunin wat na gaskiya.

In waɗannan Heresy sun faɗi gwaji, kada ka koma ga mai sifika biyar. Nemi akwatunan da masu kiɗan biki ke amfani da su, masu wufa inci 12 da ƙaho mai injin inci 1 na gaske. Ƙahonsu yakan fi wufar ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa suke yi wa kunne tsawa a ɗaki, amma in mai gyara ya sa maka abin rage ƙarfi a layin ƙahon ya sauke shi da disibel 3 zuwa 6, za su zauna a falo lafiya. Ka turo hoton cikin akwatin da allon kurosoba kafin ka ba da kuɗi, in duba maka.