Fakitin irin labanda na Munstead: iri mai kyau, amma ba don kowane gari ba

Duk wanda ya leƙa shafukan masu sayar da irin furanni a intanet zai ci karo da wannan ɗan fakitin takarda mai hoton gona shunayya har iya ganin ido. A samansa an rubuta labanda, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an sa Munstead. Ita ce Larabawa ke kira huzama, kuma manta ne ke ba sabulai da turaruka da yawa ƙamshinsu. Tallar tana cewa shukar na da ƙamshi, tana jure fari, kuma tushe ɗaya zai yi shekaru yana fure. Duka ukun gaskiya ne a ƙasar da ta fito. Ra'ayinmu a kan fakitin shi ne, irin ba shi da laifi, laifin yana ga yadda ake sayar da shi ga mutanen da yanayin garinsu bai dace da shi ba, ba tare da an gaya musu ba. Mai lambu a Jos ko a tsaunin Mambila yana iya gwada sa'arsa. Wanda ke Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram zai fi cin riba idan ya kai kuɗinsa wurin wata labandar daban, wadda za mu zo kanta.

Munstead ɗaya ce daga ire-iren Lavandula angustifolia, wadda asalinta duwatsun kudancin Faransa ne da Sifaniya da Italiya. An raɗa mata sunan lambun Gertrude Jekyll, shahararriyar mai tsara lambuna, da ke Surrey a Ingila. Gajera ce, tsayinta santimita 30 zuwa 45, ganyenta siriri ruwan toka, kuma ƙamshinta yana cikin mafi daɗi a dangin. Hoton da ke bayan fakitin kuwa kada ya ruɗe ka. Manyan gonakin kudancin Faransa yawancinsu labandin ake nomawa a ciki, wato wani auren iri tsakanin labanda biyu da ba ya yin ƙwayar da za ta tsira, sai dai a dasa reshensa. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da ƙwayar irin Grosso, wanda labandin ne, to ba Grosso zai ba ka ba. Haka ma fakitocin da ke alƙawarin labanda ja ko mai launi bakwai. Launukan da Lavandula angustifolia ke yi ba su wuce shunayya da shuɗi-shuɗi da fari da ruwan hoda ba.

Idan aka buɗe fakiti na ƙwarai, za a ga ƙwayoyi baƙi-baƙi masu sheƙi, sun fi riɗi ƙanƙanta, wajen dubu ne ke cika giram ɗaya. A duba abu uku kafin a biya: cikakken sunan shukar, ranar da aka cusa irin, da kuma ko akwai 'yar jakar ciki da aka liƙe bakinta. Fakitin da ya daɗe a rataye a shago zafi yana dukansa ƙarfinsa ya riga ya ragu, kuma ba a gane hakan da ido.

Babban abin da bayanin fakitin ke tsallakewa shi ne, wannan iri yana son ya ɗanɗani sanyi kafin ya farka. A jiƙa takardar goge hannu a matse ta, a barbaɗa ƙwayoyin a kai, a ninke, a sa a leda a ɗaure, a ajiye a firiji mako uku zuwa huɗu a sanyin da bai wuce digiri 4 ko 5 ba. Ba a sa shi a ɓangaren ƙanƙara. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, firijin kan yi ɗumi ya sake sanyi, takardar ta yi fumfuna, don haka a riƙa buɗewa duk bayan kwana uku ko huɗu, in ta fara baƙi a sauya ta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne a sa a firiji cikin Oktoba a shuka cikin Nuwamba, domin irin ya fi tsira a ɗumin digiri 18 zuwa 21, kuma hunturu ne kawai ke kusantar da mu ga wannan.

Ƙasar reno ta zama kashi biyu na yashin kogi wankakke da kashi ɗaya na taki da ya ruɓe sarai aka tankaɗe shi. A zuba a faffaɗan mazubi mai huji a ƙasa, a jiƙa, a watsa ƙwayoyin a sama a danna su da tafin hannu. Ba a binne su, domin suna bukatar haske kafin su tsira. A rufe da farar leda da aka huhhuda, a ajiye inda haske yake amma rana ba ta duka kai tsaye. Tsiron yana fara leƙowa daga kwana 14 zuwa 28, kuma ba tare yake fitowa ba, yau biyu, jibi ɗaya. Idan rabi ya tsira an yi nasara. Da an ga na farko a cire ledar. Abin da ke kashe su a wannan mataki shi ne laima: sai ka ga ɗan tsiro ya motse daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya kwanta, washegari maƙwabcinsa ya bi shi. Maganinsa iska da taƙaita ruwa. A riƙa tsoma gindin mazubin a cikin kwanon ruwa na 'yan mintuna maimakon a zuba ta sama. Idan sun yi ganye biyu-biyu sau uku, sai a raba su a ƙananan tukwane masu faɗin santimita 8 zuwa 10.

Daga nan ne wahalar fakitin ke bayyana. Labanda tana da nawar girma. Bayan wata uku tsiron bai fi tsawon yatsa ba, saiwarsa ba ta yi nisa ba, ga shi bazara ta shigo da zafin da ke kai digiri 40 cikin Afrilu. Wanda ya tsallake bazara kuma damina tana jiransa, ita ce ma babbar abokiyar gabarsa.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci abin da ake nufi da jure fari, domin wannan kalma ce ke sa mutane sakin jiki. A bakin Bahar Rum ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, lokacin zafi kuma ƙasa a bushe take ƙamas. Da wannan tsari aka halicci labanda. Mu namu a juye yake: ruwa da zafi tare suke zuwa. Ƙasa mai ɗumi da ta jiƙe sharkaf ita ce gidan cututtukan da ke ruɓar da saiwa, kuma a markar Agusta, lokacin da ake kwana ana wuni ƙasa ba ta tsane ba, kwana kaɗan sun isa su kashe tushen da aka yi wata tara ana lallaɓawa. Alamar tana da ban haushi, domin kamar ƙishi take fitowa. Ganye ya yi yaushi, kan reshe ya sunkuya, mai lambu ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Kafin mako ya zagayo gefe ɗaya ya koma ruwan ƙasa. In aka tumɓuke za a tarar saiwar ta yi baƙi, ɓawonta yana saluɓewa a hannu, tana warin ruɓa. Idan ta kai haka ba ta dawowa. A yanki rassan da suka rage da rai a kafa su, a zubar da ƙasar, a wanke tukunyar a shanya ta a rana.

Ko da an tsira daga wannan, akwai maganar fure. Munstead da aka shuka daga ƙwaya ba ta cika yin furen kirki ba sai a shekara ta biyu, kuma tana son sanyi mai tsawo kafin ta fitar da shi. A garuruwan zafi tana iya zama kore shekara da shekaru, ganyenta na ƙamshi, furen kuwa shiru. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, Mambila ta fi haka, shi ya sa can ake da fata, duk da cewa ruwan samansu ya fi yawa, dole a kare tushen daga marka. Wanda ya nace sai ƙwaya, ya nemi irin da ake kira Lady, wanda ya ci lambar yabo ta masu gwajin iri a Amurka a 1994 saboda yana fure tun shekarar farko.

Abin da muka fi ba da shawara a kai shi ne dashen Lavandula dentata wanda ya riga ya yi saiwa. Wannan labandar tana fitowa da kanta a Sifaniya da arewacin Afirka da yankin Larabawa har zuwa Habasha, ta saba da zafi, ba ta jiran sanyi kafin ta yi fure, kuma inda ta ji daɗi kusan duk shekara tana fitar da shi. Ana gane ta da gefen ganyenta mai ƙananan haƙora a jere. Takan kai santimita 60 zuwa 90. Tana da nata naƙasun, kuma ya kamata a faɗa: ƙamshinta ya karkata wajen kafur, bai kai na Munstead taushi ba, kuma ba ita ake sa wa a shayi ko abinci ba. Don ado da ƙamshin tsakar gida da jawo ƙudan zuma kuwa, ta wadatar.

Wajen sayenta, zuwa da kai ya fi aike. A wurin masu renon furanni a kan rikita ta da rozmeri, wanda ganyensa kore ne shar mai tauri, ba shi da haƙora. A murza ganye a shaƙa. A roƙi mai sayarwa ya zare ta daga ledar a ga saiwa: fara ko ruwan madara ake so, ba baƙa ba. A bar wadda ƙasan ganyenta ya yi rawaya ko gindinta ya yi laushi. Sau da yawa ledar cike take da baƙar ƙasa mai danƙo wadda ke riƙe ruwa, don haka da an isa gida a kakkaɓe ta a hankali a sauya.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana numfashi ta jikinta. A samu mai faɗin santimita 30, a tabbatar hujin ƙasanta ya kai yatsa biyu su shiga. Haɗin ƙasar shi ne kashi biyu yashi mai kauri, kashi ɗaya ƙananan tsakuwa, kashi ɗaya ƙasar lambu, a cuɗa su gaba ɗaya. Al'adar jera duwatsu a gindin tukunya ba ta ƙara tsanewa, sai ma ta matso da ruwan kusa da saiwa. Labanda ba ta son ƙasa mai tsami, ma'aunin tsamin ƙasa (pH) da ya dace da ita 6.5 ne zuwa 7.5, saboda haka cokali biyu na dakakken ɓawon ƙwai ko ɗan tokar itace ba za su yi illa ba. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu da yuriya kuwa a nisanta su da ita, domin suna sa ta yi ganye mai laushi, ƙamshi ya ragu, fure ya ƙi fitowa. A dasa ta daidai zurfin da take a leda, kada a binne wuyanta. A rufe saman ƙasar da tsakuwa, ba ciyawa ko dusa ba, waɗanda ke riƙe laima su kuma gayyato gara. A ɗora tukunyar a kan bulo biyu. Wanda zai dasa a ƙasa ya tayar da kunya mai tsayin santimita 20 zuwa 30, ya bar tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin tushe da tushe don iska ta ratsa.

Tana bukatar rana ta awa shida a ƙalla. A bazara hantsi ya ishe ta, a kare ta daga ranar azahar zuwa la'asar. A marka a jawo tukunyar ƙarƙashin rumfa mai haske, nesa da bakin indararo. Ban ruwa ba shi da ranar da aka tsayar: a soka yatsa santimita 4 ko 5, in a bushe yake a zuba a gindi da safe har ya fito ta huji, in da sauran danshi a bari. Sabon dashe ba ya jure fari tukuna, sai saiwarsa ta kama, wanda kan ɗauki watanni.

Bayan kowane zubin fure a datse kashi ɗaya cikin uku na koren reshe da almakashi mai kaifi. Kada a gangara cikin tsohon itacen da ba ganye a jikinsa, domin da wuya ya sake toho daga nan. Wadda ba a datsewa takan buɗe a tsakiya ta zama ƙirare. Furen da za a busar a yanke shi da safe bayan raɓa ta ɗauke, lokacin da na ƙasan zangarniyar suka fara buɗewa, a ɗaure ƙananan dammuna a rataye su kai a ƙasa cikin inuwa mai iska mako ɗaya zuwa biyu.

A yanayinmu ko dentata ba ta da tabbacin tsawon rai, don haka a riƙa kafa sabbi duk shekara cikin Nuwamba ko Disamba. A yanko reshe marar fure mai tsawon santimita 8 zuwa 10 daidai ƙasan gaɓa, a tsige ganyen rabinsa na ƙasa, a soka shi a jiƙaƙƙen yashi a inuwa. A kafa biyar ko shida lokaci ɗaya, domin ba duka ke kamawa ba. Cikin mako uku zuwa shida, wanda ya kama zai yi tirjiya in aka ɗan ja shi, kuma sabon ganye zai bayyana a kansa. A bar shi ya ƙara mako biyu kafin a mayar da shi tukunyarsa.