Gargaɗi ga masu a-kori-kura kan sifirin ɗin da ake cewa yana hana mota kwanciya a kwana

Jama'a, musamman masu Hilux da ire-irenta da ke jigilar hatsi da siminti, a yi hattara da tallar da ke yawo a Facebook da WhatsApp ta sifirin ɗin baya "mai ƙarfi na musamman", wato fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin bayan mota. Alkawari biyu suke yi: wai mota za ta daina kwanciya gefe a kwana, kuma za ta ɗauki ninkin kayanta. Na farkon akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Na biyun ƙarya ce tsagwaronta.

Gaskiya ne sifirin mai tauri yana rage kwanciyar jiki, amma kaɗan. Sifirin biyun suna zaune ne can ciki ƙarƙashin shasi, kusa da juna, ba a bakin tayoyi ba, don haka ƙarfinsu na tare karkata bai kai yadda ake zuzutawa ba. Abin da masu tallar ba sa faɗa shi ne idan baya ya yi tauri fiye da gaba, nauyin kwana yakan taru a kan tayar baya ta waje. Motar da ba kaya, a kan tsakuwa ko kwalta mai jiƙa, sai bayanta ya zame ya nemi wuce gaba. In kuma sifirin ya ɗaga mota sama, nauyi ya hau sama ke nan, kwanciyar da ake gudu ta ƙaru. A tsofaffin Hilux akwai bawul a baya mai auna nauyi yana raba ƙarfin birki. Da zarar an ɗaga baya ba a gyara sandarsa ba, sai ya ɗauka motar fanko ce, ya rage wa tayoyin baya birki alhali an loda ta.

Maganar ninka kaya kuwa, Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ɗauka, wato buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen ciki. Sifirin ba ya ƙara wa aksul, birki, tayoyi ko shasi ƙarfi ko kaɗan. Yana dai ɓoye lodin da ya wuce kima, ido ya daina ganin baya ya durƙusa.

Yanzu ga inda cutar take. Wani daga cikin wannan kaya tsohon sifirin ne da ya gaji. A gasa shi da wuta ko a dake shi da guduma ya dawo da lanƙwasa, a lafta masa baƙin fenti, a manna takarda. Ƙarfen sifirin da wuta ake horar da shi a masana'anta, sake gasa shi a bakin titi kashe shi yake yi, kuma lodi kaɗan zai kwantar da shi. Wasu sukan yi wa fallen da ya tsage walda su goge wurin. Wasu su cusa falle ɗaya ko biyu na ƙarfen ƙofa don a ƙirga a ga yawa. Sai kuma satar kauri, wadda ta fi wuyar ganewa: falle mai milimita 7 a madadin mai 8 ido ba zai bambanta su ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na taurinsa ya tafi.

Kada a tura ko kwabo kafin a ga kaya. A je da bakanike da ma'aunin kauri, a auna kowane falle, a gwada faɗi da tsawo da na tsohon. A kankare fenti a ƙarshen fallaye, inda suke gogar juna: sabo ba shi da kwarmin guga a wurin. A duba ramin kusoshin tsakiya, in ya zama kamar ƙwai, an sha aiki da shi. A goga zarto a gefen kowane falle. Wanda zarto ya ci cikin sauƙi ba ƙarfen sifirin ba ne. Sannan a kifa sifirin biyun a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a auna tudunsu. In bambancin ya kai santimita ɗaya, mota za ta tsaya a karkace tun ba ta motsa ba. Mai sayarwar da ya hana a taɓa fenti ko ya ƙi rubuta rasit, a bar masa kayansa.

Kafin ma a kai ga sayen sifirin, a leƙa gaban motar. Sau da yawa kwanciyar daga robobin sandar sitabilaiza ne, wato sandar da ke rage karkatar mota a kwana, da ƙananan hannayenta, ko shokozoba da ta mutu, ko ƙarancin iska a taya, ko kayan da aka jibga sama da kan direba maimakon a shimfiɗa masu nauyi a ƙasa. Gyaran waɗannan bai kai rabin wahalar canza sifirin ba.

Wanda aikinsa ya buƙaci sifirin mai ƙarfi da gaske, ya canza biyun tare, da sababbin robobi da sababbin kusoshin da ke ɗaure shi da aksul, don tsofaffin sun riga sun miƙe. A ɗaure kusoshin robobin bayan an sauke mota ta tsaya kan tayoyinta, a sa shokozoba daidai da sabon tsayin, a saita bawul ɗin birki, sannan a koma a sake matse kusoshin aksul bayan tafiyar kamar kilomita 500.