LM2596 a kan fankar akwatin inbata: ƙugin ya ragu, amma a kula da bazara

Ɗan allon nan mai shuɗi, LM2596, na saye shi a wajen masu kayan lantarki na Sabon Gari don in rage gudun fankar kwamfuta mai bolt 12 da na ɗaura a akwatin inbata da batir. Akwatin yana jikin bangon ɗakin kwana, ita kuwa fankar da dare ya yi tsit sai ka ce injin markaɗe.

Aikinsa sauke wuta ne kawai. Yana karɓar har bolt 40, ya fitar da abin da ka saita masa. Ana cewa yana ɗaukar amfiya 3, tawa fankar kuwa 0.25A aka rubuta a bayanta, shi ya sa ko ɗumi ba ya yi. A bolt 8 ƙugin ya koma hucin iska, sai ka kasa kunne za ka ji.

Saitin ne ke son haƙuri. Akwai wani ɗan sukuru na tagulla a kan wani ɗan shuɗin akwati da ke jikin allon, za ka yi ta murza shi hagu da ƙaramin sukurudireba mitar auna bolt ba ta motsa ba, har ka fara zargin an sayar maka da matacce, sai can lambar ta fara sauka. Kada ka saita ba mita a hannu.

Na fi son sa a kan masu rage gudu na PWM masu arha, domin waɗancan datsa wutar suke yi, wato kunnawa da kashewa da sauri-sauri, fanka mai waya biyu kuma takan riƙa wani tsiririn kuka da ya fi ƙugin ban haushi. Mai waya huɗu ce aka yi don PWM.

Inda zan ja kunne: ƙasa da bolt 6 fankar tawa tana juyawa in tana kan juyi, amma in wuta ta ɗauke ta dawo sai ta tsaya cik, sai an taɓa ta da yatsa. A Afrilun Kano, da zafi ke haura digiri 40, wannan ganganci ne ga batir. Ni a 8 nake barin ta da hunturu, bazara na shigowa in mayar da ita 11. Fankar cikin inbatar kanta ban taɓa ba, kuma ban ba kowa shawarar ya taɓa ba.

Kafin ka saya ma, kwance fankar ka goge ƙurar hunturun da ta daskare a fuka-fukanta. In boris ne ya ci, sai dai sabuwar fanka.